Tirifsin da Fulorin: Yadda Aka Auna Ƙarfin Riƙon Sinadari ga Furotin da Ɗauka Ɗaya

Yawancin magungunan da muke haɗiya ƙananan ƙwayoyin sinadari ne da aka tsara su domin su je su maƙale a wani gurbi a jikin wani furotin, su hana shi aiki ko su sauya masa hali. Masu bincike suna kiran irin wannan ƙaramin sinadari ligan. Duk wanda yake neman sabon magani, tambayoyi biyu ne ke gabansa tun daga fari: shin sinadarin ya kama furotin ɗin, kuma da wane ƙarfi? Amsar ta biyu lamba ce da ake rubutawa KD, wato yawan ligan ɗin da sai ya kasance a cikin ruwan kafin rabin guraben furotin su cika. Idan lambar ƙarama ce, riƙon yana da ƙarfi. Sinadarin da aka soma tsinta yakan kama a matakin ɗaruruwan mikromola (mikromola ma'auni ne na yawan sinadari a cikin ruwa), shi kuwa wanda ya kusa zama magani yakan sauko zuwa nanomola, ninki dubu ƙasa da mikromola.

Na'urar NMR, wadda ke sauraron siginar ɗan maganaɗisun da ke cibiyoyin atam, tana cikin hanyoyin da aka fi amincewa da su wajen wannan aiki, domin tana kallon sinadarai a cikin ruwa yadda suke, ba sai an liƙa musu launi ko an manna furotin a jikin wani allo ba. A 1996 Stephen Fesik da abokan aikinsa a kamfanin Abbott suka nuna yadda za a gano ƙananan gutsattsarin sinadari masu raunin riƙo da NMR, sannan a haɗa su su zama abu mai ƙarfi. Daga wannan layin bincike aka samo maganin sankarar jini na venetoclax, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2016. Amma na'urar tana da rauni ɗaya da kowa ya sani: ba ta jin ƙaramin abu.

Lamarin da zan bi diddiginsa a nan aiki ne na ɗakin binciken Christian Hilty a Jami'ar Texas A&M da ke Amurka, wanda ya fito a rahotanni biyu, ɗaya a 2012 ɗaya a 2015. Furotin ɗaya aka riƙe a duka biyun, wato tirifsin, furotin mai narkar da abinci. Na zaɓi wannan aiki ne saboda ya fito da abin da ake yawan tsallakewa idan ana maganar ƙara wa NMR ƙarfi. Amfanin siginar da ta ninku sau dubbai shi ne ta ba mai bincike damar tsarma ruwan gwajinsa sosai, kuma a tsararren ruwa ne ake ganin abubuwan da kauri yake ɓoyewa.

Inda matsalar take

Cibiyar atam ɗin haidurojin, haka ma ta fulorin, tana da ɗan maganaɗisu na kanta. Idan aka sa ta cikin babban maganaɗisun na'ura, ko dai ta bi alƙiblarsa ko ta saɓa masa. Siginar da ake ji tana fitowa ne daga rinjayen masu bi a kan masu saɓawa kawai, sauran duk suna soke juna. A maganaɗisu mai ƙarfin tesla 9.4, wanda ake kira na'urar megahaz 400, a zafin ɗaki, rinjayen bai wuce kusan 3 cikin 100,000 ba. Da wannan ɗan abin ake aiki.

Hanyar da aka saba ita ce a maimaita ɗauka, wato awon sigina, a tara. Sai dai tarawa tana da tsada, domin kafin sigina ta ninka sau biyu a kan hayaniyar na'ura sai an ninka yawan ɗauka sau huɗu. Wanda yake son ninki 1,000 sai ya yi ɗauka miliyan ɗaya, kuma ko da kowace sakan ɗaya take ci, ya haura kwana 11 a kan samfuri guda. Babu mai tace dubban sinadarai da zai iya wannan. Saboda haka sai a zuba ligan da yawa, ɗaruruwan mikromola, ninki goma zuwa ɗari na furotin ɗin. Haka ake yi a sanannun hanyoyi irin su STD ta Mayer da Meyer ta 1999, da WaterLOGSY ta Claudio Dalvit ta 2000.

Zuba ligan da yawa yana jawo matsaloli. Sinadarai da dama masu kama da magani ba sa narkewa a ruwa har wannan mataki, wasu kuma sukan dunƙule su ba da sakamakon ƙarya. Mafi ciwo shi ne cewa ligan mai tsananin riƙo, wanda shi ne ainihin abin da ake nema, yakan wuce ba a gan shi ba. Dalilin zai fito nan gaba kaɗan.

Tirifsin da ɗan rahotonsa

Tirifsin inzayim ne na narkar da abinci, wato furotin mai hanzarta aikin sinadari a jiki, da ake samarwa a fankiriyas, wata gaɓa da ke cikin ciki. Nauyinsa kusan kilodalton 23 zuwa 24 ne a ma'aunin nauyin furotin. Aikinsa yanka sarƙar furotin a bayan amino asid biyu, laisin da ajinin, masu ɗauke da cajin lantarki mai alamar tarawa (+). Yana gane su ne da wani aljihu mai zurfi da ake kira S1, wanda a ƙasansa akwai amino asid asfatet mai lamba 189 mai kishiyar caji. Duk ƙaramin sinadarin da ya yi kama da kan ajinin zai iya shiga aljihun ya toshe shi. Mafi shahara shi ne benzamidin, wanda tun shekarun 1960 aka san yana kama tirifsin da KD kusan mikromola 20. Zaɓen irin wannan furotin hikima ce, domin idan ana gwada sabuwar hanyar awo, ana son abin da aka riga aka san amsarsa ta wasu hanyoyi.

Ligan ɗin da ya zama jigon aikin ana taƙaita sunansa TFBC. Benzamidin ne da aka liƙa wa rukunin CF3, wato kabon ɗaya da fulorin uku, a ɗaya ƙarshen zobensa. Riƙonsa mai rauni ne, yana shiga aljihun yana fita da sauri, kuma wannan raunin shi ake so.

Me ya sa fulorin? Duk fulorin da ke cikin halitta nau'i ɗaya ne, fulorin-19, kuma NMR tana jin sa da kusan kashi 83 cikin 100 na ƙarfin da take jin haidurojin. Furotin ba shi da fulorin, ruwa ba shi da shi, gishirin da ake daidaita ruwan da shi ma haka, don haka duk siginar da ta bayyana ta ligan ce. Fulorin uku na CF3 suna haɗuwa su ba da layi guda mai tsayi. Ga shi kuma kusan ɗaya cikin biyar na magungunan zamani suna ɗauke da fulorin, irin su ciprofloxacin da efavirenz, saboda haka ba baƙon abu ba ne ga masu haɗa magani.

Daga tsananin sanyi zuwa bututun awo

Dabarar ƙara rinjaye da aka yi amfani da ita ana kiranta DNP. Asalinta hasashen Albert Overhauser ne a 1953, wanda Carver da Slichter suka tabbatar a ƙarfen litiyam a wannan shekarar: ana iya ɗebo rinjayen ilektaron a zuba wa cibiyoyin atam. Maganaɗisun ilektaron ya fi na cibiyar haidurojin kusan sau 660, don haka ya fi ta saurin bin alƙibla nesa ba kusa ba. A 2003 Jan Henrik Ardenkjær-Larsen da Klaes Golman da abokan aikinsu a Malmö ta ƙasar Suwidin suka nuna cewa ana iya yin wannan a daskararren samfuri, a narkar da shi cikin gaggawa, rinjayen ya tsira, har sigina ta ninku fiye da sau 10,000.

Ga yadda gwajin yake tafiya. Ana narkar da ligan a 'yar mitsitsiyar ɗigon ruwa mai daskarewa kamar gilashi ba tare da ya yi ƙanƙara mai tsari ba, a haɗa da wani sinadari mai ilektaron tilo, irin su TEMPOL. A sa shi a maganaɗisu mai tesla 3.35, a sanyaya da ruwan hiliyam zuwa kusan kelbin 1.4, wato wajen digiri 272 ƙasa da sifili. A wannan yanayi fiye da kashi 90 cikin 100 na ilektaron ɗin suna fuskantar alƙibla ɗaya. Sai a haska masa igiyoyin maikurowef na kusan gigahaz 94 na tsawon mintuna da dama, rinjayen yana malala daga ilektaron zuwa fulorin. Idan ya taru, sai a watsa masa 'yan mililita na ruwa mai tsananin zafi a ƙarƙashin matsi, ya narke nan take, a tura shi ta siririn bututu zuwa na'urar NMR, inda furotin yake jira.

Furotin ba ya shiga wannan wahala ko kaɗan. Ba a daskarar da shi, ba a ƙona shi, yana zaune a wurinsa har ligan ya iso. Daga lokacin da samfurin ya narke kuwa agogo ya fara bugawa, domin rinjayen fulorin yana zubewa cikin 'yan sakanni kuma ba ya dawowa. Shi ya sa ɗakin Hilty ya daɗe yana gyara na'urar tura samfuri, wadda za ta kai shi cikin sakan ɗaya zuwa biyu, ta gauraya shi da furotin, ruwan ya natsu babu kumfa. A ganina wannan aikin famfo da bututu, wanda ba ya ɗaukar ido, shi ne rabin nasarar.

Abin da ake aunawa

Ƙaramin sinadari a cikin ruwa yana jujjuyawa da matuƙar sauri, siginarsa tana daɗewa kafin ta mutu. Furotin mai girman tirifsin yana juyawa a hankali, sai ya ɗauki nanosakan 10 ko sama da haka, kuma duk abin da ya maƙale masa siginarsa tana mutuwa da wuri. Saurin wannan mutuwa ana rubuta shi R2. Ga fulorin bambancin yana da girma ƙwarai, domin gajimaren ilektaron da ke kewaye da shi ba daidai yake ta kowane gefe ba, sannan wurin da layinsa yake fitowa yana sauyawa tsakanin saki da kamu, wanda hakan ke ƙara hanzarta mutuwar.

Ligan mai raunin riƙo yana shiga aljihu yana fita sau da yawa a cikin sakan ɗaya, don haka kowace ƙwaya tana ɗan taɓa zaman kamu. Kamar wanda ya tsaya kusa da wuta ne, ko ya bar wurin rigarsa tana warin hayaƙi. Siginar da ake gani ta saki ce, amma tana mutuwa da saurin da ya haɗa na saki da na kamu, gwargwadon kason da ke kame a kowane lokaci. Ana auna wannan sauri da jerin bugun rediyo mai suna CPMG, daga sunayen Carr da Purcell na 1954 da Meiboom da Gill na 1958. Jerin yana dawo da sigina sau ɗaruruwa a jere, ana ganin yadda take raguwa daga farko har ƙarshe a ɗauka guda. Wannan ya dace da rinjayen da sau ɗaya ake cin moriyarsa.

Bari in kawo lissafin misali da lambobin da na zaɓa don sauƙi. A ce KD na ligan mikromola 100 ne, furotin mikromola 1. Kason ligan da ke kame kusan shi ne yawan furotin a raba da jimillar KD da yawan ligan. Idan an zuba ligan mikromola 500, kason shi ne 1 bisa 600. Idan an rage shi zuwa 20, kason ya koma 1 bisa 120, ninki biyar ke nan. A ce R2 na saki 0.5 ne a sakan, na kamu kuma 300. A kauri za a ga kusan 1.0, a tsarme za a ga kusan 3.0. Furotin bai ƙaru ba, amma alamar kamu ta fito fili, kawai saboda an rage ligan. Na'urar da aka saba da ita ba za ta bari a sauka ƙasa sosai ba sai da dogon jira, nan ne DNP ta buɗe ƙofa.

Sakamakon 2012

Rahoton farko ya fito a mujallar Journal of the American Chemical Society, daga Youngbok Lee da Haifeng Zeng da Hilty, tare da Simon Ruedisser da Alvar Gossert na kamfanin Novartis a Basel. Sun samu ninkin siginar fulorin sau dubbai, har ana iya ganin sinadari mai fulorin da bai kai mikromola ɗaya ba. Sun nuna yadda za a gane kamu a matakai uku, mai rauni da matsakaici da mai ƙarfi, kuma sun fitar da KD kamar yadda ake yi da NMR ta al'ada.

Matakin mai ƙarfi shi ne ya fi jan hankalina. Ligan mai tsananin riƙo idan ya shiga aljihu yakan daɗe bai fito ba, don haka ba ya yaɗa alamar kamu ga sauran 'yan uwansa da ke yawo a ruwa. Abin da kawai zai faru shi ne siginar saki ta ragu da adadin waɗanda furotin ya riƙe. Idan ligan mikromola 500 ne furotin 1, raguwar kashi 0.2 cikin 100 ce, ba mai ganinta, sai a rubuta cewa sinadarin bai kama ba a jefar da shi. Idan kuwa ligan 1 ne furotin 1, kusan duka siginar za ta ɓace. Sinadari ɗaya, furotin ɗaya, amma a gwajin farko an yi asarar abin da ya fi kowane daraja.

2015: gasa a kan aljihu ɗaya

Aikin farko ya bar giɓi babba. Yawancin sinadaran da ake son gwadawa ba su da fulorin, kuma ba zai yiwu a daskarar da kowanne a jira shi ba tare da sake daidaita yanayi ba. Yaewon Kim da Hilty sun magance wannan a rahotonsu na mujallar Angewandte Chemie, inda suka ɗauko dabarar gasa da Dalvit ya riga ya kafa da fulorin a farkon shekarun 2000, suka haɗa ta da DNP.

TFBC kaɗai ake ƙara wa rinjaye, kullum shi, ya zama ɗan rahoto. Sinadarin da ake son sanin ƙarfinsa ana haɗa shi da tirifsin tun kafin ɗan rahoto ya iso. Idan ya mamaye aljihun S1, ɗan rahoto zai tarar da guraben sun ragu, kasonsa na kamu ya sauka, siginarsa ta ƙara daɗewa. Gwargwadon yadda R2 ya koma kusa da na saki, gwargwadon ƙarfin abokin gasar. A ci gaba da misalin ɗazu: idan mikromola 24 na abokin gasa ya rage kason kamun ɗan rahoto zuwa rabi, daga 1 bisa 120 zuwa 1 bisa 240, lissafi zai ba da KD na mikromola 20 gare shi. Ɗauka ɗaya, lamba ɗaya, ba tare da an yi ta ƙara sinadari kaɗan-kaɗan ana sake awo ba.

Sun gwada hanyar da ligan uku masu ƙarfin riƙo daban-daban a kan tirifsin. Sun kuma yi kwaikwayon lissafi na Monte Carlo a kwamfuta don gano inda kuskure ya fi ƙanƙanta, suka samu cewa awon ya fi inganci idan an ture kusan rabin ɗan rahoton da ke kame. Hankali ma ya yarda da haka. Idan abokin gasa bai ture komai ba, ba a san ko rauni ne da shi ko kaɗan aka zuba ba. Idan ya ture duka, an san yana da ƙarfi amma ba a san iyakarsa ba. Wannan ƙa'ida ta rabi ita ce abin da mai gwaji zai ɗauka ya yi aiki da shi kai tsaye: ya daidaita yawan abokin gasa har turewar ta faɗo tsakiya.

Gasa ta kuma warware matsalar masu tsananin riƙo ta wata fuskar. Ko da sinadari ya shiga aljihu ya ƙi fitowa, ɗan rahoto mai shiga da fita shi ne zai ba da labari, tunda gurbin da ya saba samu ya toshe.

Inda hanyar take ɗingishi

Ɗaukar sigina 'yan sakanni ce, amma tara rinjaye a cikin sanyi yana cin mintuna da dama ga kowane samfuri, don haka saurin da ake faɗa bai kai yadda yake a takarda ba. Ɗakin Hilty ya yi ƙoƙarin magance wannan a 2016 da na'ura mai auna samfuri fiye da ɗaya a lokaci guda daga narkarwa ɗaya. Na'urar DNP kanta tana da tsada, tana shan ruwan hiliyam, kuma ɗakunan bincike kaɗan ne suke da ita.

Akwai kuma matsalolin cikin bututu. Sinadarin nan mai ilektaron tilo yana biyo ligan har wurin awo, kuma shi ma yana hanzarta mutuwar sigina, don haka dole a auna R2 na saki a yanayi iri ɗaya a cire tasirinsa. Yawan ligan da ke isowa yakan ɗan bambanta daga turawa zuwa turawa, sai an tantance shi bayan gwaji. Motsin ruwa da kumfa suna iya kwaikwayon saurin mutuwar sigina, mai gwaji ya ɗauka kamu ne.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe game da iyakar hanyar shi ne cewa ɗan rahoto labarin aljihunsa kawai yake bayarwa. Sinadarin da ya kama furotin a wani gefe daban ba zai bayyana ba, sai idan kamun nasa ya sauya siffar aljihun, kuma a nan lissafin gasa zai ba da lambar da ba ta da ma'ana. Sannan tirifsin furotin ne mai sauƙin hali, mai arha, mai jure wahala, wanda aka san aljihunsa ciki da waje. Sabon furotin da ake farauta saboda wata cuta sai an fara samo masa ɗan rahoto mai fulorin, mai raunin riƙo daidai gwargwado, mai shiga gurbin da ake so, kafin a yi maganar awo. Wannan kaɗai aiki ne mai zaman kansa.

Matsalar tsada da jira ita ta sa ɗakin ya juya ga wata hanyar ƙara rinjaye mai suna SABRE, wadda Simon Duckett da abokan aikinsa a Jami'ar York ta Ingila suka fito da ita a 2009. Ita tana amfani da wani nau'in iskar haidurojin da ake kira farahaidurojin, tare da sinadarin iridiyam mai haɗa shi da ligan na ɗan lokaci, kuma rinjaye yana samuwa cikin sakanni ba tare da an daskarar da samfuri ba. A 2021 Ratnamala Mandal da Pierce Pham da Hilty suka ba da rahoton auna kamu da ita, a kan tirifsin ɗin dai, da ligan mai suna 4-amidinopyridine. An zaɓe shi ne domin kansa ɗaya yana shiga aljihun S1 kamar benzamidin, ɗaya kan kuma yana da naitirojin a cikin zobe wanda iridiyam zai iya kamawa. Sharaɗin ke nan da SABRE ta zo da shi: ɗan rahoto sai ya dace da furotin, ya kuma dace da iridiyam.